Rabon Aiki a Cikin Kumbo: Nazari Kan Wasannin Taka Rawa na Sararin Samaniya

Wasan taka rawa na tebur wasa ne da mutane kaɗan, galibi uku zuwa shida, ke zama su ƙirƙiri labari tare. Kowane ɗan wasa yana ɗaukar tauraron labari ɗaya, ya yi magana da bakinsa, ya yanke masa shawara. Mutum ɗaya kuma, jagoran wasa, shi ke bayyana duniyar da ake ciki da abin da ke faruwa a cikinta. Idan aka zo abin da ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa ƙwaya irin ta lido ta raba gardama. Wannan salo ya samo asali ne a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Ba a daɗe ba marubuta suka ɗauke shi daga duniyar takubba da dodanni suka kai shi sararin samaniya, kuma nan take suka ci karo da wata matsala da wasan farko bai santa ba.

A Dungeons & Dragons kowa da jikinsa. Idan faɗa ya kaure, wannan ya zare takobi, wancan ya gudu, na uku ya ɓuya, kowa kuma ya ga sakamakon abin da ya zaɓa. A cikin kumbo kuwa jiki ɗaya ne ke ɗauke da mutum biyar. Kumbon wuri ɗaya zai nufa, juyi ɗaya zai yi, idan ya tarwatse kowa ya tafi. Tambayar da ta taso ita ce: wa zai riƙe akalar wannan jiki, sauran huɗun kuma me za su yi? Rabon aiki tsakanin ma'aikatan kumbo, wanda a yau ya zama ruwan dare a irin waɗannan wasanni, amsa ce ga wannan tambaya, kuma an shafe fiye da shekara 40 ana gyara ta.

Amsar farko ta fito ne daga Traveller, wasan da Marc Miller ya rubuta, kamfanin Game Designers' Workshop ya buga a 1977. Littafin ya jera guraben aiki shida: matuƙi, mai duba hanya, injiniya, mai hidimar fasinjoji, likita da maharbi. Abin lura shi ne ba don yaƙi aka yi wannan rabo ba, don kasuwanci aka yi shi. Kowane gurbi da albashinsa na wata: matuƙi kuɗin wasa 6,000, mai duba hanya 5,000, injiniya 4,000, a haka har zuwa maharbi mai 1,000. Kumbon kansa da bashin banki ake sayensa, bashin da ake biya wata-wata har shekara 40, kuma kowace tafiya daga tauraro zuwa tauraro tana cin kusan mako guda. Duk wanda ya san harkar motar haya da aka ɗauko bashi zai gane tsarin: direba, yaran mota da makanike, kowa ya san idan ba a yi lodi ba mai mota zai zo ya karɓe makulli. A Traveller, mai hidimar fasinjoji yana da ƙima domin sai da shi ake ɗaukar fasinjoji masu biyan kuɗi da tsoka. Bashin ne ya ɗaure ma'aikatan wuri ɗaya, ya ba kowanne dalilin damuwa da aikin ɗan'uwansa.

Babban abin da ya tura salon gaba, duk da haka, talabijin ne. Shirin Star Trek na Gene Roddenberry, wanda ya fara fitowa a 1966, ya dasa wa masu kallo hoton ɗakin sarrafa kumbo: Kyaftin Kirk a kujerar tsakiya, Sulu a kan tuƙi, Uhura a kan sadarwa, Spock yana duba na'urorin bincike, Scotty yana can ɗakin inji yana kukan wuta ta yi kaɗan, Dakta McCoy yana jiran waɗanda suka ji rauni. Wannan rabon aiki ne ke samar da magana a shirin, domin kyaftin ba zai san abin da ke gabansa ba sai wani ya faɗa masa. Masu wasa da suka taso da wannan hoto sun so su zauna a kujerun da kansu. A farkon shekarun 1980 kamfanin FASA ya fitar da wasan taka rawa na Star Trek, ya ba 'yan wasa allunan takarda masu kama da na'urorin sarrafawa. Injiniya yana raba ƙarfin inji tsakanin gudu, garkuwa da makamai, sauran kuma suna aiki da abin da ya ba su.

Dalili na biyu ya zo daga kwamfuta. A 2010 Thom Robertson ya fitar da Artemis: Spaceship Bridge Simulator, wasan da mutum shida ke yi a ɗaki ɗaya da kwamfutoci da aka haɗa: kyaftin, matuƙi, mai makamai, injiniya, jami'in kimiyya da jami'in sadarwa. Dabarar da ta sa wasan ya yi tasiri ƙarama ce. Kowa allonsa daban, kuma kyaftin ba shi da na'urar sarrafa komai, sai babban allo da bakinsa. Jami'in kimiyya ne ke ganin raunin garkuwar abokin gaba, amma ba shi ke harbi ba; mai harbi kuma ba shi ke juya kumbo ba. Dole a yi magana, a yi ta da sauri, a kuma yarda da juna. Spaceteam na 2012 ya ɗauki wannan tunani ya sa shi a wayar hannu, Star Trek: Bridge Crew na kamfanin Ubisoft kuma ya biyo baya a 2017 da kujeru huɗu.

Sai kuma dalili na uku, wato adalci a tebur. Mutum biyar sun bar harkokinsu sun zo zaman awa uku ko huɗu. Idan yaƙin kumbo ya zama na matuƙi da jagoran wasa kaɗai, sauran sun zama 'yan kallo. Shi ya sa manyan wasannin da suka fito wajen 2017 suka maida rabon aiki doka a rubuce. Coriolis na kamfanin Free League na ƙasar Suwidin ya tanadi gurabe biyar. Star Trek Adventures na Modiphius ya gina kowane tauraro a kan fannoni shida: umarni, tuƙi, tsaro, injiniyanci, kimiyya da likitanci.

Starfinder na kamfanin Paizo, wanda ya fito a 2017, shi ya fi nuna yadda abin ke gudana. Kowane zagaye na yaƙi kashi uku ne. Injiniya ne ke farawa: ko ya ƙara wa garkuwa wuta, ko ya tura ta ga inji, ko ya yi wa na'urar da ta lalace faci. Daga nan matuƙan ɓangarorin biyu su jefa ƙwaya, wanda ya samu ƙasa shi zai fara motsa kumbonsa a kan taswira, wanda ya samu sama ya jira ya ga inda abokin gaba ya tsaya kafin ya zaɓi wurinsa. A lokacin ne jami'in kimiyya ke leƙa kumbon abokin gaba ko ya sake raba garkuwa tsakanin gaba, baya, dama da hagu. Sai maharba su yi harbi. Kyaftin yana iya sa baki a kowane kashi, ya ƙarfafa wa nasa gwiwa, ya matsa musu lamba, ko ya tsokani abokan gaba. A takarda tsarin ya yi kyau, kowa ya samu abin yi.

Amfanin wannan salo a fili yake. Sabon ɗan wasa yana gane matsayinsa da kalma ɗaya: an ce masa injiniya, ya san inda zai tsaya da irin maganar da zai yi. Mai kunya da ba ya iya kutsa kai cikin hayaniya yana samun lokacin da doka ta ce nasa ne. Nasara kuma ta zama ta gayya, domin harbin da ya samu abokin gaba ya biyo ne ta hannun wanda ya juya kumbo da wanda ya ba bindiga wuta.

Amma kujera daban, shawara daban, kuma a nan ne yawancin tsare-tsaren suke tuntuɓe. A Starfinder matuƙi yana da taswira a gabansa da zaɓi iri-iri, kowane motsi nasa yana canja yaƙin. Maharbi kuwa sau da yawa abu ɗaya yake maimaitawa: ya jefa ƙwaya, ya samu ko ya kuskure. Injiniya da zarar ya gano cewa ƙara wa garkuwa wuta ya fi komai amfani, sai ya yi ta yin hakan har a tashi. An ba su abin yi, ba a ba su abin tunani ba. Bambancin da ke tsakanin wannan da Artemis shi ne a tebur kowa yana ganin taswira ɗaya, kowa ya ji abin da jagora ya faɗa. Babu abin da jami'in kimiyya ya sani wanda kyaftin bai sani ba, don haka rahotonsa ya zama al'ada kawai. Wannan ne ke buɗe ƙofa ga ɗan wasa mafi ƙwarewa ko mafi baki ya riƙa faɗa wa kowa abin da zai yi, har wasan mutum biyar ya koma na mutum ɗaya da masu jefa masa ƙwaya.

Kujerar kyaftin ita ce ta fi wuyar sha'ani. A cikin labari, umarninsa doka ne. A bakin tebur kuwa abokai ne tsara, babu wanda ya zo don a yi masa tsawa. Idan aka ba kyaftin cikakken iko, sauran sun rasa 'yancin da shi ne ruhin wasan. Idan aka hana shi, kujerar ta zama ado. Starfinder ya zaɓi hanya ta biyu, ya maida kyaftin mai tallafa wa wasu da ƙarin maki. Wasu ƙungiyoyin 'yan wasa sukan bar kujerar a hannun jagoran wasa, abin da ke kashe gardama amma ya maida taurarin labarin 'yan aike. Hanyar da ta fi dacewa da ruhin wasan ita ce kyaftin ya yanke manufa, a yi yaƙi ko a gudu ko a nemi sulhu, ya bar wa kowa yadda zai cim mata.

Akwai kuma illar da ke bayyana tun wajen ƙirƙirar tauraro. Wanda ya so ya zama ɗan kasuwa ko mai wa'azi sai ya tarar dole ya kashe wani kaso na makinsa a kan harbi ko gyaran inji, in ba haka ba ya zauna hannu rabbana duk lokacin da aka shiga kumbo. Paizo ya amsa wannan koke a 2019 da ƙarin gurabe biyu, babban mataimaki da jami'in sihiri, bayan ya riga ya sassauta lissafin wahalar ayyukan kumbo da ya yi tsauri a bugun farko. Matsalar tana juyawa idan aka sauka ƙasa: gwanin tuƙi ya zama ba shi da amfani a kasuwa ko a fada. Star Trek Adventures ya magance wannan da ƙananan taurari na wucin gadi. Idan labari ya koma ɗakin inji, wanda ke riƙe da likita yana iya ɗaukar wani ƙaramin injiniya na ɗan lokaci. Wasan ya kuma tanadi asusun maki na bai ɗaya, inda rarar nasarar mutum ɗaya ke taruwa don wani ya ɗiba. Scum and Villainy na 2018 ya bi wata hanya: bai ware wa yaƙin kumbo dokoki masu nauyi na daban ba, ƙa'idar da ake bi a ƙasa ita ake bi a sama.

Adadin mutane ma yana da tasiri. Tsarin da aka gina kan kujeru biyar yana rawa idan mutum uku ne suka zo, kuma rashin matuƙi a zama ɗaya na iya tsayar da labari cak. Jagororin wasa sukan cike giɓin da na'ura mai tuƙa kanta ko ma'aikacin da su ke magana da bakinsa. Haɗarin mutuwa tare kuma yana ɗaure hannun jagora, domin fashewar kumbo na nufin ƙarshen labarin da aka yi watanni ana ginawa. Saboda haka wasanni da dama suka koma lalata kumbo gaɓa-gaɓa: inji ya tsaya, wuta ta tashi a wani ɗaki, iska ta fara zurarewa, abokan gaba su kutso ciki. Irin wannan ɓarna tana tayar da injiniya daga kujera ya ruga da ƙafarsa, ta ba likita majinyaci, ta kuma tilasta wa kyaftin ya zaɓi ɗakin da za a rufe da wanda za a ceta.