Mako Shida Babu Goyo: Uwa, Ƙaramin Yaro da Ɗinkin Tiyata

Duk matar da aka yi wa aiki a ciki, ranar sallama likita kan ja mata kunne da magana guda: kada ta ɗaga abin da ya wuce kamar kilo 5 har mako huɗu zuwa shida. Haka ake gaya wa wadda aka ciro wa jariri, da wadda aka cire wa ƙari a mahaifa, da wadda aka yi wa tiyatar rage ƙiba. A asibiti maganar ba ta da wuya. Wuyar tana tsakar gida, inda wani ɗan tatata zai sheƙo da gudu, hannu a sama, yana "Umma, goyo!" A ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin nauyin yaro namiji ɗan shekara ɗaya kilo 9.6 ne, ɗan shekara biyu 12.2, 'yar shekara biyu kuwa 11.5. Ke nan ɗan nata ya ninka abin da likita ya yarje mata.

A Hunƙuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, da maƙwabtanta Maƙarfi da Ikara, ba kowa ne ya taɓa ganin wadda aka rage wa tumbi ba. Aikin masu hali ne, ana yin sa a wasu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja, wasu kuma su nufi Masar, Turkiyya ko Indiya. Amma matar da ta dawo da ɗinki a ciki alhali tana da ƙaramin yaro, kowace unguwa ta san irinta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma kan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi, kuma a Najeriya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙanne ana haifarsu ne kafin yayyensu su cika shekara biyu. Shi ya sa wadda aka kwantar a asibitin gwamnati na Hunƙuyi, ko aka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sau da yawa ta bar wani a gida wanda bai san abin da ake kira haƙuri ba.

Ita ma ƙibar ba baƙuwa ba ce. Wancan binciken ya gano kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba. Jikin da ake yabawa a gidan biki, a ce "Hajiya hutu ya karɓe ki", shi ne kan jawo ciwon suga, hawan jini da ciwon gwiwa.

Abin da ake yi wa tumbi

Wani likitan Amurka, Edward Mason na Jami'ar Iowa, shi ya fara tiyatar karkatar da hanyar abinci don rage ƙiba a 1966. Ana keɓe ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, a jona shi da hanji kai tsaye. Wadda ta fi yawa a yau ita ce ta yanke tumbi a tsaye, a fitar da kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, a bar siririn bututu da abin da yake ɗauka bai kai rabin kwalbar lemo ba. Ɓangaren da ake fitarwa shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, don haka sha'awar abinci ma takan ragu.

Ba don kwalliya ake yin ta ba. Ana raba nauyin mutum da tsawonsa sau biyu, a sami lambar da ake kira BMI. Mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 90 tana kan 35. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sabunta a 2022 ta amince da tiyata daga 35, ko daga 30 idan akwai cuta irin ciwon suga.

Yawanci ba a tsaga ciki. Ƙananan huji huɗu zuwa shida ake yi, a zura kyamara da kayan aiki. A nan ne mutanen gida ke ruɗuwa. Suna ganin 'yan filasta a ciki, mace tana takawa da ƙafarta bayan kwana biyu, sai su ce ai ba wani babban aiki ba ne. Alhali a ciki akwai dogon ɗinki a jikin tumbi, kuma kowane huji ya ratsa jijiyar da ke riƙe da kayan ciki.

Fata na riga jijiya warkewa

Bakin ciwo kan haɗe cikin kwana goma zuwa mako biyu, a cire zare, kowa ya ce an warke. Ƙarfinsa kuwa da saura. A mako na uku ciwo bai fi kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ƙarfinsa na da ba, sai wajen wata uku yake kaiwa kashi 80, kuma ba ya wuce nan. Duk wani yunƙuri, ɗaukar kaya, tari mai ƙarfi ko nishi a bayan gida, yana tura kayan ciki su danno wurin ɗinkin. Idan jijiyar ta buɗe, hanji ya leƙo ƙarƙashin fata, an sami ƙaba, wadda maganinta wata tiyatar ce.

A dubi yadda ake goyo. Uwa ta kama yaro ta hammata ko ta hannu ɗaya, ta cilla shi baya tana sunkuye, ta gyara masa zama da ɗan girgiza, ta ja zani ta soke a ƙirji, ta tattaro na ƙasa ta cusa, sannan ta kawo majanyi ta ɗaure tamau a ciki. Sunkuyo, murɗa ƙugu, ɗagawa da matse ciki, duk abin da aka hana ta ya taru a aiki ɗaya da ba ya cin daƙiƙa goma. Ƙullin majanyin kuma kan faɗa daidai saman cibiya, inda hujin tiyata yake. Sauran aikin gida ma haka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 ta ninka iyakar likita sau biyar. Jan guga, daka, tuƙin tuwo da shara a duƙe duk su jira.

Shi ya hau, ita ba ta ɗaga ba

Yaro ɗan shekara biyu ba ya gane dalili, amma yana gane sabo. An fi samun sauƙi idan tun mako biyu ko uku kafin ranar aiki aka fara koya masa hawa gado da sauka da kansa, da kwana kusa da kaka ko inna, da karɓar goyon wata. Bayan tiyata uwa ta zauna a bakin gado ko kujera mai ɗan tsawo, ta ɗora matashi a cikinta, ta miƙa masa hannu ya hau da ƙafarsa ya zauna a gefenta. Ya sami jikin uwarsa, ita ba ta ɗauki komai ba. Matashin ne zai tare gwiwa da kai, domin yara ba sa sallama kafin su faɗo wa mutum. A nuna masa filastar a ce "ciwo, a hankali", yakan riƙe fiye da yadda ake zato.

Wanka, tsarki da sa shi a fo, duk aikin mai taimako ne, ita ta tsaya kusa tana yi masa hira. Idan ya koma fitsarin kwance, ko rigimar dare, ko ƙin abinci, ba lalacewa ya yi ba. Haka ƙananan yara ke nuna damuwa, kuma yakan wuce idan lokacin cin abinci da na barci bai sauya ba.

Hana ɗaukar kaya ba umarnin kwanciya ba ne. Ana so mai jinya ta fara takawa tun ranar farko, ta riƙa zagaya tsakar gida sau da yawa a yini, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Riƙe hannun yaro a taka zuwa zaure a dawo magani ne gare ta, wasa ne gare shi.

Kwano biyu, ba ɗaya ba

Wadda aka rage wa tumbi takan yi mako ɗaya zuwa biyu a kan ruwa-ruwa kawai, romo marar mai, madara, nono marar suga. Daga nan sai abin da aka niƙe lukwi, sannan mai laushi irin alala, dafaffen ƙwai, awara da kifi. Tuwo, shinkafa da tsokar nama sai wajen mako na shida zuwa takwas, su ma loma kaɗan, a tauna sosai. Ana so ta sami aƙalla giram 60 na sinadarin gina jiki da ruwa lita ɗaya da rabi a rana, da kurɓi-kurɓi, ba tare da abinci ba, sai an ba da tazarar rabin awa. A zafin Maris da Afrilu rashin ruwa a jiki na saurin kayar da ita, kuma uwar da ke bin yaro ita ce ta fi mantawa da kofinta.

Al'adar ɗanɗana abincin yaro da cinye ragowarsa dole a ajiye ta. Yankin Kudan ƙasar rake ce da mazarƙwaila, ga fura mai suga da lemon kwalba. Zaƙi idan ya zube cikin hanji lokaci guda, musamman ga wadda aka karkatar wa hanyar abinci, yana kawo gumi, bugun zuciya, jiri da gudawa cikin rabin awa. Jiri ga mai riƙe da yaro kusa da murhu ba ƙaramin haɗari ba ne. Shi kuma yaron kada a rage masa ci don uwa ta rage nata, yana buƙatar mai da abinci mai ƙarfi don girma.

Magunguna ma abin lura ne. Wadda aka rage wa tumbi za ta sha na ƙarin jini, bitamin B12, bitamin D da kalsiyam har ƙarshen rayuwa, wasunsu na taunawa ne masu zaƙi da launi. Ƙwayar ƙarin jini idan ƙaramin yaro ya haɗiya da yawa tana iya kashe shi. Ƙarƙashin matashi da jakar hannu ba ma'aji ba ne, sai akwati mai makulli. Ita kuma an hana ta ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis, saboda suna gyambata sabon tumbi.

Mai shayarwa na iya ci gaba da ba da nono da zarar ta farfaɗo sosai daga allurar barci, amma ta sanar da likita don a kauce wa kodin. Idan yaye za a yi, a yi shi makonni kafin aiki. Raba yaro da nono da goyo da uwa a rana ɗaya ya yi masa yawa. Sabon ciki kuwa ana so ya jira wata 12 zuwa 18, ga shi raguwar ƙiba na sa a ɗauki ciki da wuri, ƙwayar tazarar haihuwa ta sha kuma ba a cika dogara da ita ba bayan karkatar da hanji.

Arba'in ɗin da ba a ba kowa

Gidan Bahaushe ya daɗe da tsarin da ya yi daidai da lissafin likita. Mai jego na hutawa kwana 40, a kai ta gidan iyayenta ko wata dattijuwa ta zo ta zauna da ita, a ɗauke mata girki da wanki, yaron da ke gaba kuma ya koma hannun kaka. Kwana 40 da mako shida bambancinsu kwana biyu ne. Sai dai gatan na wadda ta zo da jariri ne. Wadda ta dawo daga asibiti hannu biyu, bayan mako guda na "sannu da jiki" sai a fara ƙus-ƙus ɗin son jiki. Wadda ta rage ƙiba ma takan ɓoye aikin don gudun a ce da kuɗinta ta sayo wahala, ɓoyewar kuma ta hana ta masu taimako.

Ba duk kayan jego ne za a kwaso ba. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Eldryd Parry suka yi nazarin ciwon zuciya da ke kama masu jego a Zariya, suka danganta yawansa da kunun kanwa da tsananin zafin wanka da gadon wuta. Fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan sabon ɗinki, da ɗaure ciki da zani, ba su da wuri a nan. Hutun da hannun taimakon su ne abin ɗauka.

Wanda ke zaune da mai jinya ya san alamomin komawa asibiti nan take: zuciya na bugawa sama da sau 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu da ke ƙaruwa, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya, aman da ya hana ko ruwa zama, ko ruwa da mugunya daga ciwo. Wadda aka yi wa aiki a ƙasar waje ta dawo da cikakken rahoton tiyata, ta kuma sami likitan da zai bi ta a gida, domin wanda ya yi aikin yana nesa.

Tiyatar haihuwa takan zo ba shiri, ta rage ƙiba kuwa ana zaɓar ranarta. A ƙasar Kudan, inda damina ke kwashe mutane zuwa gonar masara, rani ya kai su fadamar tumatir da saran rake, iyali su duba kalanda kafin su amsa wa asibiti. Lokacin hutun makaranta, da ake samun 'yan mata a gida, ya fi sauƙi, haka nan nesa da watan azumi, tunda sabon tumbi ba ya jure yini babu ruwa. A zauna da maigida a raba aikin tun kafin tafiya: wa zai ɗebi ruwa, wa zai yi girki, wa zai kwana da yaro, kuma motar wa za a kira idan aka buƙaci Shika da tsakar dare.