Fitilar inji ta kama: a duba baƙin mai kafin a kwance mota

Wanda ya buɗe gaban Corolla, Yaris, RAV4 ko Hilux mai isansi, sau da yawa zai ga an rubuta VVT-i bisa murfin inji. Yawancin masu waɗannan motoci, ƴan kasuwar da ke kai kaya daga Maraɗi zuwa Dakoro ko Tasawa, da hajiyoyin da suka sayi mota suka ba direba yana taksi, ba su taɓa tambayar ma'anar rubutun ba. Sai ranar da fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a tablo, mota ta fara karkarwa, makanike ya ce sai an kwance inji. A nan kuɗin jari ke tafiya, alhali sau da yawa ciwon bai kai nan ba.

Jama'a masu karatu, inji ma numfashi yake yi. Yana da ƙananan ƙofofi da ake kira bawul, a garejinmu kuma supap: wasu na shigar da iska da isansi, wasu na fitar da hayaƙi. Wata sandar ƙarfe mai ƙusumbi, wadda makanikai ke kira arbarakam, ita ke buɗe su. A tsofaffin motoci irin Peugeot 504, lokacin buɗewar guda ne, ko mota na tsaye ko tana hawan tudu da buhunan gero. Sabon tsarin kuwa yana gaggauta buɗewar ko ya jinkirta ta, gwargwadon gudu da nauyi, don a samu ƙarfi kuma a rage shan isansi. Alfa Romeo ta fara sa shi a motar sayarwa a 1980, BMW ta fito da nata mai suna Vanos a 1992, Toyota kuma ta kawo VVT-i a 1995.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne, baƙin mai ne ke yin wannan aiki. Kwamfutar mota tana ba wani ɗan famfo mai aiki da wuta umarni, shi kuma ya tura mai zuwa wata giya da ke bakin sandar, matsin man ya juya ta kaɗan gaba ko baya. Hanyoyin da man ke bi ƙanana ne ƙwarai, kuma a yawancin injunan Toyota akwai wata ƴar rariya da ke tace shi kafin ya isa famfon. In mai ya yi ƙasa, ko ya tsufa ya zama kamar kwalta, rariyar ta toshe, giya ta daina jin umarni.

To, ku duba halin da muke ciki. Ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga man da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba. Ga kuma al'adar nan ta cewa mai kauri shi ne mai kyau: sai a zuba 20W-50 a injin da kamfani ya ce a sa masa 5W-30. Wani direban kuma an ba shi kuɗin juyen mai, sai ya ƙara lita guda bisa tsohon ya sa sauran aljihu. Hajiya tana kasuwa, ina za ta sani?

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Mota na rawa ko ta mutu in an tsaya, ba ta da ƙarfin ɗaukar kaya, tana shan isansi fiye da da. Wata kuma da safe in an tayar da ita sai a ji ƙarar ƙarfe na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ta yi shiru. Amma buji da ya gaji ko matatar iska da ta cika da ƙura su ma suna kawo wasu daga cikin waɗannan, don haka kunne kaɗai bai isa ya yanke hukunci ba.

A fara da abin da ba ya cin ko dala. A zaro sandar awon mai, a ga yawansa da launinsa. Daga nan a nemi garejin da ke da na'urar karanta kwamfutar mota, kuma mai mota ya sa a rubuta masa lambar da ta fito a takarda. P0010 na nuna matsalar wuta ce, a famfon ko a wayarsa. P0011 da P0012 na nuna giya ta wuce inda aka ce ta tsaya ko ba ta kai ba, kuma a nan mai da rariya ne farkon abin zargi. P0016 ta fi nauyi, domin tana iya nufin sarƙar inji ta saki ko an ɗaura ta ba daidai ba.

Famfon nan, a Corolla, ƙusa guda ke riƙe shi. Makanike ya cire shi ya wanke, ya haɗa shi da batir: lafiyayye za a ji ya yi ƙas, a ga sandarsa ta motsa. In an auna shi da mita, na yawancin Toyota yakan nuna tsakanin om 7 da 8. Sai a fitar da rariya a wanke ta, a juye mai, a sa sabuwar matata, a goge lambar, a zaga da mota. In fitila ba ta dawo ba, an gama. In famfon ya mutu a saya wani, kuma a ganina gara na asali da aka ciro daga wata mota da sabon jabu mai araha. Sai duk wannan ya gaza ne za a zo maganar auna matsin mai, da sauya giya ko sarƙa, aikin da ke buƙatar buɗe gaban inji da kuma gwani.

Akwai masu goge lambar kawai, fitila ta mutu, su karɓi kuɗi. Bayan kwana biyu ta dawo. Akwai ma dillalan da ke kashe fitilar gaba ɗaya kafin su sayar da mota. Mai saye ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba: dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ya kuma je ganin motar da sassafe, kafin a ɗumama ta, ya buɗe murfin da ake zuba mai ya haska ciki da tocila.

Ga wadda direba ke tuƙa mata, ta sayi man da kanta cikin galan mai hatimi, lambar da littafin motar ya faɗa, a juye a gabanta ko gaban ɗanta, a rubuta kilomita. A ƙurarmu, kada a wuce kilomita 5.000 ba a juye ba.