Ɗumama Motoci Masu Buɗaɗɗen Rufi da Injin da Iska ke Sanyaya Shi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wata matsala da ta daɗe tana ci wa maƙeran motoci tuwo a ƙwarya, watau yadda za a ɗumama mutum a lokacin sanyi cikin motar da ba ta da lagireto, kuma rufinta a buɗe yake. Motocin da muke nufi su ne irin Porsche 356, wadda aka ƙera daga 1948 zuwa 1965, da Karmann Ghia da Bitil masu rufin tamfol, duk daga Jamus. Irin wannan inji ba baƙo ba ne a gare mu, domin shi ne a cikin Bitil ɗin da aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. A yau masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai da Amurka suna hawan su har cikin hunturu, saboda haka tambayar tana nan da ranta.

Tushen Matsalar

Kowane injin fetur yana mai da mafi yawan man da ya sha zafi ne, abin da ke zama tafiya bai kai rabi ba. A motar da ke da lagireto, ruwa ne ke kwashe wannan zafi, sai a bi da ruwan ta wani ɗan ƙaramin lagireto a gaban direba, fanka ta huro ɗumin ciki. Injin da muke magana a kai ba shi da ruwa. Fanka ce, wadda fambel ke juyawa, take hura iska a kan silinda. Don haka dole a nemi ɗumi ta wata hanya, kuma hanyoyin guda uku ne.

Hanya ta Farko: Zafin Salansa

Da farko kamfanin Volkswagen yana tura iskar da ta gama sanyaya inji ne kai tsaye zuwa cikin mota, ta shigo da warin mai da hayaƙi. A wajen 1963 aka sake dabara: aka lulluɓe bututun salansa da akwatin ƙarfe, iska mai tsabta ta bi ta tsakaninsu, ta ɗauki zafin bututun ba tare da ta gauraya da hayaƙin ba. Daga nan sai ta bi ta wasu hanyoyi a gefen ƙasan mota zuwa ƙafafun direba da gilashin gaba.

Wannan hanya ba ta cin ƙarin mai, amma tana da aibi biyu. Na farko, ƙarfin iskar ya danganta da gudun inji. In mota ta tsaya a cunkoso sai ɗumin ya ja baya. Ga shi kuma injin a baya yake, iskar tana yin doguwar tafiya, kuma in tsatsa ta huda hanyar ko tiyo ya yage, ɗumin zai zube a titi. Aibi na biyu ya fi muni. Tsakanin iskar da direba ke shaƙa da hayaƙin salansa, fallen ƙarfe ɗaya ne kawai. Idan ya tsage, iskar kabon monoksaid za ta shigo. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 ko fiye. Ita ce dai gubar da ke halaka mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da barci, kuma haɗarin ya fi yawa sa'ad da aka ɗaga rufin aka rufe tagogi.

Hanya ta Biyu: Hita Mai Ƙona Fetur

A ƙasashen da sanyi ya yi tsanani, an riƙa ƙara wata 'yar tanda mai shan fetur daga tankin mota. Kamfanonin Eberspächer da Webasto na Jamus su ne suka shahara da ita, kuma motar Chevrolet Corvair ta Amurka ta fito da irinta a 1960. Tana da fulogi da fanka da bututun hayaƙi nata na kanta, saboda haka tana ba da ɗumi mai ƙarfi cikin 'yan mintoci, ko mota na gudu ko tana tsaye. Sai dai wuta ce ake hurawa kusa da tankin mai. Wadda ta shekara 50 ko 60, tiyonta ya bushe, tukunyar wutarta ta ci tsatsa, bai kamata a kunna ta ba sai bakaniken da ya san ta ya kwance ta ya duba, don kada a guje wa gara a faɗa gidan zago.

Hanya ta Uku: Lantarki

Mutane da yawa sukan zaci hitar lantarki za ta raba gardama, amma lissafi bai yarda ba. Yawancin motocin 356, da Bitil na kafin 1967, batir mai bolt 6 gare su. Ko waɗanda suka koma bolt 12, janaretonsu yakan ba da amfiya 30, watau wat 360 ke nan, kuma daga ciki fitilu da fulogi za su ci. Ƙaramar hitar ɗaki kuwa tana bukatar wat 1,000 ko fiye. Amma shimfiɗar lantarki da ake sa wa a kujera, ko riga mai waya a ciki, ba ta kai wat 100 ba, kuma zafinta yana shiga jiki kai tsaye.

Darasin Buɗaɗɗen Rufi

A nan ne gundarin maganar yake. Idan mota na gudu rufi a buɗe, iska takan tsallake gilashin gaba, sa'an nan ta juyo daga baya ta bugi ƙeyar direba, ta kwashe duk ɗumin da ke ciki. Ɗumama irin wannan iska tamkar ɗibar ruwa da kwando ne. Abin yi shi ne a tare iskar, a ɗumama jikin. A ɗaga gilasan gefe, a kafa raga a bayan kujeru don karya iskar da ke juyowa, a rufe kujerar da ba kowa da tamfol, a karkatar da ɗumin salansa zuwa ƙafafu inda iska ba ta kai wa sosai. Hula da safar hannu da mayafin wuya kuwa sun fi kowace na'ura araha.

Kammalawa

A taƙaice, mai irin wannan mota ya fara da gyara abin da maƙera suka sa mata: akwatin salansa mara tsaga, tiyo mara huji, da wayar da ke buɗe ƙofar ɗumi. Ya ajiye 'yar na'urar da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid, domin rigakafi ya fi magani. Sa'an nan ya ƙara shimfiɗar kujera da ragar tare iska. Hitar fetur ita ce ta ƙarshe, ga wanda ke zaune inda ƙanƙara ke sauka, kuma yana da bakaniken da zai riƙa duba masa ita kowace shekara kafin sanyi ya shigo.