Farfaɗo da Saba daga Kaset a Masana'antun Kano

Wanda ya ratsa Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa cikin unguwannin masana'antu na Kano, ko ya shiga Sharaɗa, ko ya gangara Chalawa inda majemu suke kusa da kogi, idonsa kan tsaya ne ga injuna da manyan motoci, alhali a wani ɗan ɗaki mai sanyi can ciki akwai babbar kwamfutar da ake kira saba, wadda aka danƙa wa amanar albashin ma'aikata da basussukan 'yan kasuwa da lissafin kaya. Ƙurar hunturu, da zafin bazara da kan haura digiri 40, da yawan sauyawa tsakanin wutar lantarki da janareta, duk suna cin faifan ajiyarta sannu a hankali, har ranar da za a kunna ta ta ƙi tashi.

Musiba mafi girma ita ce lalacewar tushen fayiloli, wato sashen da manhajar Linux ko Unix take zaune, domin kayan aikin da za a yi gyaran da su suna cikin abin da ya lalace, tamkar mai gidan da ya kulle ɗaki alhali makullin yana ciki. Saboda haka wajibi ne injiniya ya fara tayar da sabar daga waje, da filashi mai ɗauke da ƙaramar manhajar ceto, sa'an nan ya rarraba sabon faifai, ya shimfiɗa masa tsari, kana ya zura kaset ɗin da aka ajiye kwafin bayanan a kansa.

Kada mai karatu ya raina kaset don tsufansa. Tun 1952 kamfanin IBM ya fito da na'urarsa ta kaset, samfurin LTO kuma, wanda ya bayyana a 2000, ya kai ga ɗaukar terabait 18 a zubinsa na tara. Kuma kaset ɗin da ke cikin akwati ba ya haɗe da intanet, balle masu kulle bayanai don neman fansa su iske shi.

Tartibi shi ne sharaɗin aikin. Manhajar dump tana ajiya ne daraja-daraja: darajar sifili ita ce cikakken kwafi, waɗanda ke binta kuwa abin da ya sauya kawai suke ɗauka, don haka sai manhajar restore mai dawo da ajiyar ta fara da sifili, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya, in kuwa guda ya ɓata a tsakiya, silsilar ta yanke. Ko bayan fayiloli sun dawo, ba a gama ba, sai an sake dasa GRUB mai tayar da manhaja, an kuma gyara lambar shaidar sabon faifai a cikin fayil ɗin fstab.

A ganina, sakacin da ya fi kowane haɗari shi ne a shekara ana ajiya ba a taɓa jarraba dawo da ita ba. Ya kamata kowace masana'anta ta keɓe rana ta yi gwajin a wata kwamfuta, ta ajiye kwafi guda a wata unguwa saboda gobara, ta kuma tabbatar na'urarta tana karanta tsofaffin kaset, domin ta LTO-8 ba ta karanta na LTO-6.