Amsar Wasiƙa: Shin Kitse Ajiya Ce Kurum?

Wani mai saurarenmu, mahauci, ya rubuto yana tambaya ko kitsen jiki ajiya ce kurum, kamar hatsi a rumbu. To Malam, mun gode da wasiƙarka. Amsa dai a'a, kuma daga ɓeraye masana suka fi koyon wannan.

A 1949, a ɗakin bincike na Jackson da ke jihar Maine a Amurka, aka ga wasu ɓeraye masu ci ba ƙoshi, har sukan ninka 'yan'uwansu nauyi sau uku. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano dalili. Ashe kitse kansa yana fitar da wani sinadari, leptin, mai shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, su kuwa ɓerayen nan ba su da shi.

Kitse ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, kowace kamar 'yar salka cike da mai. In aka ɗora ɓera kan abinci mai maiƙo, sai ƙwayoyin su yi ta kumbura, har jini ya kasa kai musu isasshiyar iska, wasu su mutu. Nan da nan sai ƙwayoyin tsaron jiki su zo su kewaye gawar suna cinyewa, kamar dai ungulu a mahauta, ka fi ni sani. Wani bincike na Jami'ar Tufts a 2007 ya nuna cewa bayan mako 16 da irin wannan abinci, kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙwayoyin wani kitsen cikin ɓera sun mutu. Zuwa mako 20 sababbi ƙanana sun fara maye gurbinsu. Wannan mutuwa da shara ba iyaka ita ke tada kumburi a ɓoye, jiki ya daina jin insulin, ciwon sukari ya samu ƙofa. Kitsen ciki ya fi na ƙarƙashin fata wannan ɓarna.

Ɓera ba mutum ba ne, gaskiya. Amma a 2008 masana a Suwidin sun gano cewa mu ma kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙwayoyin kitsenmu ke sabuntawa kowace shekara, kuma ko babban mutum ya rame, ƙwayoyin motsewa suke yi, yawansu bai raguwa.

Saboda haka Malam, in ka ga tumbi ya fara yin gaba, kar ka tsaya jin daɗin ana ce maka alhaji. Ka leƙa asibiti a gwada maka sukari da hawan jini.