Daga motar kara zuwa kumbon bulo: me ke riƙe ginin wasa?

Duk wanda ya tashi a Haɗejiya, ko a garuruwan da ke bin gaɓar kogi irin su Auyo da Kirikasamma da Guri, ya san abin da kaka take kawo wa yara. Da zarar an girbe dawa kara ya bushe, sai ka tarar da yaro a gindin bishiya yana ɓare ɓawon kara, yana yanka totuwa gunduwa-gunduwa, yana soka tsinke a cikinta har mota ta fito, ko jirgin sama mai fukafukai. Babu ƙusa, babu gam. Totuwa ce take matse tsinke, matsin nan kuma shi ke riƙe ginin. Wanda ya gane wannan ya riga ya gane rabin sirrin bulon wasa na LEGO, wanda a yau manya masu furfura suke tara tsofaffin kumbunansa kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi.

Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa kamfanin LEGO a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, da kayan wasa na katako ya fara. Bulon roba ya zo a 1949, amma cikinsa fayau yake, ba ya kama ɗan'uwansa da kyau, gini yana tashi sai ya zube. A ranar 28 ga Janairu 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar dabarar da ta warware matsalar. A saman kowane bulo akwai 'yan ƙullutai masu kama da maɓallin riga, a cikinsa ta ƙasa kuma aka tsayar da 'yan bututai. Idan ka danna bulo kan wani, ƙullutun na ƙasa yakan kutsa tsakanin bututu da bangon na sama. Robar takan ɗan buɗe sannan ta matse shi, kamar dai totuwa da tsinke. Inda suka bambanta shi ne totuwa in ta sha suka sau biyu ko uku raminta ya saki ke nan, ita kuwa robar ABS da kamfanin ya koma amfani da ita a 1963 tana komawa yadda take, a haɗa a ɓalle shekara da shekaru.

Sauran rabin sirrin awo ne. Daga tsakiyar ƙullutu zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne, tsayin bulo kuma milimita 9.6, sannan falle uku na siraran bulo daidai suke da bulo ɗaya. Ba a taɓa sauya wannan awo ba, shi ya sa bulon 1958 yake hawa kan wanda aka ƙera bana. Wani malamin lissafi ɗan Denmak, Søren Eilers, ya ƙididdige cewa bulo shida masu ƙullutu takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanyoyi 915,103,765.

To, ina kumbo ya shigo? Zamanin ne ya kawo shi, kuma ƙasar Hausa ba 'yar kallo kawai ba ce a wannan zamani. Hukumar NASA ta Amurka ta taɓa kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, wadda ta kasance cikin tashoshin da suka bi sawun ɗan sama jannati John Glenn lokacin da ya zagaya duniya ranar 20 ga Fabrairu 1962. Mutum ya taka wata a 1969, fim ɗin Star Wars ya fito a 1977. A 1978 LEGO ya fitar da 'yan mutanensa masu motsa hannu da ƙafa, tare da jerin kayan sararin samaniya, ƙarƙashin jagorancin mai zane Jens Nygaard Knudsen. Wannan jeri, wanda ya ci gaba har 1987, shi masu tarawa suke kira Classic Space.

Da ganin kumbon wancan lokaci ka shaida shi. Fukafukai ruwan toka ne, shimfiɗaɗɗu masu tsini a gaba, gangar jiki shuɗiya, tagogi rawaya garai-garai. 'Yan sama jannatin farko ja da fari ne, daga baya rawaya da shuɗi da baƙi suka biyo, kowa da murmushi, da tambarin wata a ƙirji da ɗan kumbo yana kewaya shi. Sarkin kumbunan shi ne Galaxy Explorer na 1979, mai guntaye 338, wanda aka sayar da lamba 497 a Amurka da 928 a Turai. Ana fara gina shi daga faifan fukafukai, a ɗora bango bisa bango ana sarƙa bulo yadda maginin ƙwarai ba ya barin gaɓa ta hau kan gaɓa, sannan a kafa injuna, a bar ƙofar baya mai buɗewa don 'yar mota ta shiga. A 2022, da kamfanin ya cika shekara 90, ya sake fitar da shi da girma, mai lamba 10497 da guntaye 1,254.

Mai tarawa da lamba yake aiki. Yakan nemo jerin guntayen kumbo a shafin BrickLink, kasuwar intanet da aka buɗe a 2000 wadda LEGO ya saye a 2019, ya riƙa cike giɓi ɗaya bayan ɗaya. Abu uku yake dubawa: ko zinaren tambarin ƙirji ya goge, ko hular kwano ta tsage a haɓa, ko rana ta mayar da fari da ruwan toka rawaya. Tsagewar hular ta yi yawa har fim ɗin The LEGO Movie na 2014 ya yi wa ɗan sama jannatinsa Benny irinta da gangan. Wanda ya ci karo da bulo a cikin kayan gwanjo kuwa, sai ya duba saman ƙullutu, domin na ainihi yana ɗauke da sunan LEGO a rubuce.

Ajiya ita ce wahalar mai tarawa a yanayi irin na Haɗejiya, inda zafin bazara kan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura. Kada a bar bulo a rana ko a bakin taga. A sa shi cikin roba mai murfi, in ya yi datti a wanke da hannu da sabulu mai laushi a ruwan da bai wuce ɗumi ba, a shanya a inuwa.

Bulon LEGO yana da tsada, ba kowane gida ne zai iya sayensa ba. Amma awo da daidaito da haƙurin rushewa a sake, waɗanda su ne ainihin abin da yake koyarwa, kara da yumɓun bakin kogi suna koyar da su kyauta. Don haka iyaye da malamai, in kun ga yaro ya duƙufa kan totuwa da tsinke, kada ku kore shi da cewa ɓata lokaci yake yi. Ku tambaye shi me ya sa fiffiken nan bai faɗi ba, ku saurari amsarsa.