Farauta Da Kyamara A Dajin Falgore

Kowa a ƙasar Rano da Kibiya ya san maharbi, da kwarinsa da bakansa, ko da bindigarsa adaka. To, akwai wata irin farauta wadda ba a zub da jini a cikinta. Mai yinta kyamara ya ke riƙewa, watau akwatin ɗaukar hoto. In ya sami dabba sai ya ɗauki hotonta, ya bar ta ta yi tafiyarta.

Dajin da ya fi kusa da mu inda a kan yi wannan shi ne Falgore, kudu da mu, wajen Tudun Wada da Doguwa. Hanyar motar da ta tashi daga Kwanar Dangora zuwa Saminaka ta ratsa shi. A shekarun 1940 aka keɓe shi, ana ce da shi gandun dajin Kogin Kano. A shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji, aka hana harbi a ciki. Kogin Kano ya bi ta cikinsa ya gangaro madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974.

Da can an san Falgore da gwanki da kanki da ɓauna da mugun dawa da gwaggon biri. Yanzu manyan dabbobin sun ragu ƙwarai, saboda harbin sata da sare itatuwa da kiwon shanu. Tsuntsaye su ne da sauran yawa. Ɓarayin shanu kuma sun sha fakewa a ciki, don haka kada kowa ya shiga sai da izini, da rakiyar ma'aikatan gandun daji.

Yaya a ke ɗaukar hoton dabbar da ba ta yarda mutum ya kusance ta?

Da fari dai sai a zaɓi lokaci. Da damina ciyawa ta yi tsawo, ga ruwa ko'ina, dabbobi sun watsu. Da rani kuwa ciyawa ta bushe, kowace dabba tilas ta zo bakin kogi ta sha. Nan mai hoto ya ke zuwa ya laɓe, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Hasken tsakar rana ya cika ƙarfi, ya kan ɓata hoto, dabbobi ma sun shige inuwa. Ya kan ba rana baya, domin haske ya faɗa kan dabba, kada ya shiga idon kyamara.

Sai kuma iska. Gada da gwanki su kan sansano mutum tun daga nesa. Saboda haka ya kan zauna inda iska ke busowa daga wajen dabba zuwa gare shi. Kun ga maharbi ya kan ɗebi ƙura ya sake ta don ya gane inda iska ta nufa? To, haka nan mai hoto ke yi. Ba ya sa farar riga, ba ya shafa turare, ba ya tari.

Tsuntsu ba hanci ya fi dogara da shi ba, ido ne. Don haka a kan yi 'yar bukka ta ciyawa kusa da ruwa, a bar ƙaramar kafa inda kyamara za ta leƙa. A kan bar bukkar kwana biyu ko uku tukuna, har zalɓe da dinya da zabin daji su saba da ita. Wannan dabara ba baƙuwa ce gare mu ba. Maharbanmu tun kakanni su kan ɗaura kan burtu a goshi, su yi ta rarrafe suna sunkuyar da shi kamar yana kiwo, har su isa kusa da nama.

Masu wannan sana'a su kan ɗaura wa kyamara dogon gilashi mai jawo nesa kusa. Wayar hannu ma tana ɗauka, amma gilashinta gajere ne, tsuntsu ya kan fito ɗan mitsitsi. Wanda waya kaɗai ke gare shi ya fara da balbela a bayan shanu, ko shamuwa in ta zo da farkon damina, tun da ba su cika gudun mutum ba. Amma kada a taɓa sheƙa don neman hoto. Uwa in ta tsorata ta kan bar ƙwai ya lalace.

A Yankari, cikin Jihar Bauci, mun ga amfanin abin a fili. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Mutane su kan zo daga nesa, su biya kuɗin shiga da na masauki da na mota, don su ɗauki hoton giwa a bakin Kogin Gaji. Ba a barinsu su shiga sai da jagora. Giwar da aka harbe sau ɗaya a ke cin kuɗinta. Wadda ke raye kuwa, a ɗauki hotonta bana, a sake ɗauka baɗi, kowane zuwa jagora ya sami ladansa.

Baƙo yana da kyamara, amma bai san sawun gwanki ba, bai san mashayarsa ba. Maharbin ƙauye shi ya san waɗannan. Abin da ya rage masa shi ne ya iya karanta takardar izini, ya rubuta sunan dabba da rana da wurin da aka gan ta, domin hoton da babu wannan bayani tare da shi ba ya zama shaida ga ma'aikatan gandun daji.